Wutar dajin 1983 a ƙasar Gana: gobarar ƴan watanni, asarar shekaru

Ƴan uwa manoma da makiyaya, idan kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta fara kaɗawa, to lokacin wutar daji ya zo. Mutane da dama suna ɗaukar wutar daji abin kwana ɗaya ko biyu. Sukan ce ta ci ta mutu, damana za ta zo ƙasa ta sake yin kore. Amma akwai asarar da ruwan damana guda ba ya mayarwa. Domin mu fahimci haka, za mu duba abin da ya sami ƙasar Gana a shekarar 1983. Ƙasa ce da muka sani. Kakanninmu fatake sun bi hanyar Gwanja neman goro, kuma har yau akwai ƴan uwanmu a zangunan Kumasi da Akara. Hausawa sun ce idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Da mi mutanen Gana suka dogara?

Kudancin Gana ƙasar kurmi ce. Ruwan sama yana sauka da yawa, itatuwa dogaye ne, inuwa ba ta yankewa. Cikin wannan inuwa ake shuka wani itace da ake kira koko, wasu su ce kakawo. Kada mu haɗa shi da kokon da muke sha da safe. Wannan itace ne mai ƴaƴa manya kamar gwanda, waɗanda suke fitowa a jikin kututture da rassa. Idan an fasa ɗa guda, akan sami ƙwara 30 zuwa 40 a ciki. Ana rufe ƙwarar da ganyen ayaba wajen kwana 6, sannan a shanya ta, a zuba cikin buhu, a kai ƙasashen waje. Da ita ake yin shokola.

Wani maƙeri ɗan ƙasar mai suna Tetteh Quarshie ya kawo irin koko daga tsibirin Fernando Po wajen shekarar 1879, daga nan noman ya bazu. Tun 1911 Gana ta zama ta farko a duniya wajen sayar da koko. Ta riƙe wannan matsayi fiye da shekara 60, kafin maƙwabciyarta Kodibuwar ta wuce ta. A kakar 1964 zuwa 1965 manoman Gana sun sami fiye da tan 550,000. Mu tuna, tan guda buhu 10 ne masu kilo 100.

A wancan zamani arzikin ƙasar ya zauna bisa duwatsun murhu uku: koko, zinariya da katako. A lokacin koko kaɗai yana kawo fiye da rabin kuɗin da ƙasar take samu daga waje. Da waɗannan kuɗi ake sayo man fetur, magungunan likita, kayan gyaran motoci, shinkafa da sukari. Biyu daga cikin duwatsun nan uku itace ne, itace kuwa abincin wuta ne.

Tun kafin gobarar, noman koko ya fara rauni. Itatuwa da yawa sun tsufa. Wata cuta mai kumbura rassa ta kashe wasu. Kuɗin da gwamnati take biyan manoma sun yi kaɗan, har wasu suka daina kula da gonaki, wasu kuma suna ƙetara iyaka da buhunansu a ɓoye. A kakar 1980 zuwa 1981 abin da aka samu bai wuce tan 260,000 ba. Ke nan wutar ta tarar da maras lafiya a kwance.

Yaya aka yi kurmi ya kama wuta?

A al'ada kurmi ba ya cin wuta da sauƙi. Ƙarƙashin manyan itatuwa akwai laima ko da rani. Manomi yakan sare ɗan yanki, ya bari ya bushe, ya sa wuta domin ya yi shuka. Idan wutar ta kai bakin kurmi, sai ta tarar da ɗanyen ganye ta mutu. Haka ake yi tun kaka da kakanni.

A shekarar 1982 ruwan sama ya yi ƙaranci ƙwarai. Daga nan hunturu ya shigo da ƙarfi, ya kuma daɗe fiye da yadda aka saba. Iskar nan ita ce dai wadda take ratsa ƙasarmu daga Sahara ta gangara har bakin teku. Itatuwa suka zubar da ganye, ƙoramu suka ƙafe, rana ta sami hanyar shiga har ƙasa. Busasshen ganye ya taru ko'ina. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wutar ba daga sama ta faɗo ba, mutane ne suka kunna ta. Akwai manoma masu sharar gona. Akwai mafarauta masu sa hayaƙi a ramin gafiya. Akwai masu tatsar bammi, waɗanda suke gasa jikin kwakwar da suka kayar domin ruwanta ya zubo. Akwai masu ɗibar zuma da masu jefar da guntun taba. Kowa ya yi abin da ya saba yi kowace shekara. Daji ne ya canza, mutane kuwa ba su canza halinsu ba.

Daga ƙarshen 1982 zuwa watannin farko na 1983, wuta ta tashi a wurare masu yawa lokaci guda. Ta ci ƙasar Asante, da yankin da a lokacin ake kira Brong-Ahafo, da gabashin ƙasar, da filayen ciyawa na arewa. Ta ci gonakin koko da na kofi a Kodibuwar ma. Ƙauyuka ba su da kayan kashe gobara, sai rassan itace da adduna.

Abin da wuta ta ci nan take

Masanan hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, sun kimanta ɓarnar. Sun ce wuta ta taɓa wajen rabin ciyayi da itatuwan ƙasar. Sun kuma ce ta cinye kashi 35 cikin 100 na amfanin da yake gona da hatsin da aka adana, kimanin tan 154,000.

Bari mu mayar da wannan adadi abin da ido yake gani. Tan 154,000 buhu 1,540,000 ne masu kilo 100. Idan muka ɗauka mutum guda yana cin buhu 2 a shekara, to cimakar mutum 770,000 ce ta shekara guda cur ta zama toka.

Asarar ba ta tsaya ga abincin ci ba, ta haɗa da iri. Mu da muke noman hatsi da dawa muna ajiye iri a rumbu ko cikin tulu. Mutanen kurmi kuwa rogo, doya, mankani da ayaba ne cimakarsu. Irin rogo karansa ne. Irin ayaba ƴaƴan da suke tsirowa a gindinta ne. Duk a gona suke zama. Idan gona ta ƙone, abincin bana da irin baɗi sun tafi tare. Rogo da ayaba kuma sukan kai wajen shekara guda kafin a ci.

Gonakin koko masu yawan gaske sun ƙone. Itacen koko ba ya jure wuta. Ɓawonsa siriri ne, ƙananan saiwoyinsa suna kusa da saman ƙasa, kuma ganyen da yake zubarwa yakan yi kauri a gindinsa. Ko wuta ƙarama mai rarrafe a ƙasa ta isa ta kashe shi. Ban da gonaki, an yi asarar rumbuna, bukkokin gona, dabbobi da rayukan mutane.

Yunwa da tsadar rayuwa

Masifar ba ta zo ita kaɗai ba. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Najeriya ta kori baƙi marasa takardu. Korar ta shafi ƴan Nijar ma. Ƴan Gana wajen miliyan guda suka koma gida cikin ƴan makonni, alhali mutanen ƙasar duka a lokacin wajen miliyan 12 ne. Bakuna suka ƙaru daidai lokacin da abinci ya ƙone.

Damanar 1983 ita ma ba ta yi kyau ba. Ruwan madatsar Akosombo, mai ba ƙasar wutar lantarki, ya ja baya sosai. Aka riƙa raba lantarki bi da bi, babbar masana'antar alminiyam ta birnin Tema ta tsaya. Saboda haka ba za mu ɗora wa wutar daji laifin komi ba. Fari ne ya buɗe ƙofa. Amma fari yakan rage amfanin shekara, itace ya rayu ya jira ruwa. Wuta ita ce ta kashe itacen, ta kuma cinye abin da aka riga aka tara.

A wannan shekara farashin kaya ya hau da wajen kashi 123 cikin 100. Ma'ana, abin da ake saye 100 ya koma fiye da 220. A birane mutane suna yin dogon layi domin sayen dokunu, wato tuwon masara da ake naɗewa cikin ganye. Jama'a suka rame har ƙasusuwan wuya suka fito fili. Cikin baƙin ciki da ba'a suka sa wa ƙasusuwan nan suna sarƙar Rawlings, domin Jerry Rawlings ne shugaban ƙasa a lokacin. Tamowa ta kama yara ƙanana da yawa. Sai da ƙasar ta nemi taimakon abinci daga waje.

Masara ta dawo, koko bai dawo ba

A 1984 ruwa ya sauka da kyau a Gana. Mutanen da suka dawo daga Najeriya da yawa sun koma ƙauyukansu sun kama fartanya. Aka sami masara mai yawa, har farashinta ya faɗi. Cikin damana guda yunwa ta yi sauƙi.

Koko kuwa labarinsa dabam ne. A kakar 1983 zuwa 1984 ƙasar ta sami wajen tan 159,000 kawai. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da aka samu a 1965 ba. A nan ne babban darasin yake.

Masara wata 3 zuwa 4 take yi a gona. Itacen koko irin na da yakan kai shekara 5 ko fiye kafin ya fara ƴaƴa. Sabon iri da masana suka gyara yakan fara a shekara ta 3. Ko ya fara, sai ya kai wajen shekara 10 yake cika ƙarfinsa. Kuma ɗan dashen koko ba ya rayuwa a tsakar rana. Dole a fara dasa ayaba ta yi masa inuwa, tunda manyan itatuwan da suke ba da inuwa su ma sun ƙone.

Mu ɗauki misalin manomin da gonarsa ta ƙone a farkon 1983. Idan ya dasa a wannan shekara, fari zai kashe dashen. Sai ya jira 1984. Ƴaƴan farko za su zo tsakanin 1987 da 1989. Cikakken amfani sai cikin shekarun 1990. Duk tsawon wannan lokaci yana kashe kuɗi da ƙarfi wajen noma da dashe, babu buhu ko guda na sayarwa. Idan dattijo ne, mai yiwuwa ba zai ci moriyar abin da ya dasa ba. Shi ya sa da yawa ba su sake dasawa ba.

Gonar koko a wurin mutumin kurmi kamar garke ce a wurin makiyayi. Ita ce asusunsa, ita ce gadon ƴaƴansa, ita yake ba da jingina idan yana neman bashi. Wanda gonarsa ta ƙone ya rasa riba da uwar kuɗi gaba ɗaya.

Asarar ba ta tsaya ga mai gona ba

Buhun koko guda hannuwa da yawa ne suke ci daga gare shi. Akwai mai tsaron gona, wanda a al'adarsu yake ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na amfanin, mai gona ya ɗauki biyu. Akwai ƴan ƙwadago masu zuwa daga arewacin ƙasar lokacin girbi. Akwai mai awo a wurin saye, da masu dako, da direban babbar mota, da ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Takoradi da ta Tema. Idan babu buhu, duk waɗannan babu aiki.

Bayan su akwai ƴan kasuwa. A ƙasar koko, lokacin da aka biya manoma ne ake sayen zane, kwanon rufi, keke da nama. Lokacin ne ake biyan kuɗin makaranta, a yi aure, a yi gini. Idan manomi bai karɓi kuɗi ba, tela, magini da mahauci duk za su ji a jikinsu. Ko albasarmu ta Galmi da ake kaiwa Kumasi da Akara, da kuɗin irin waɗannan mutane ake sayenta. Aljihun mai saye idan ya bushe, mai sayarwa na nesa ma yakan ji.

Daga ƙarshe akwai gwamnati. A wancan zamani babban rabo na kuɗin baitulmali daga cinikin koko yake fitowa. Idan koko ya ragu, kuɗin biyan malamai da gyaran hanyoyi sun ragu. Kuɗin waje ma sun ragu, sai a rasa taya, kayan gyara da magani. Motocin da za su kwaso ɗan abin da ya tsira su ma su tsaya. Haka asara take haifar wata asarar. Ƙasar da take da hanyoyin samu da yawa, idan ɗaya ta toshe sai ta bi wata. Wadda ta dogara ga abu guda, rauninsa raunin kowa ne.

Dajin da ya ƙone sau ɗaya ya fi saurin sake ƙonewa

Wuta ta shiga har cikin gandun dajin gwamnati, inda ake sarar katako. Wasu manyan itatuwa sun mutu nan take. Wasu sun tsaya da tabo a gindi, ruɓa ta shiga ta wurin, katakonsu ya lalace. Ƙananan da za su maye gurbinsu sun ƙone. Itacen katako kuwa shekaru gommai yake yi kafin ya isa sara.

Inda manyan itatuwa suka faɗi, rana ta shiga. Sai doguwar ciyawa da wani haki mai saurin yaɗo suka mamaye wurin. Mutanen Gana suna kiran hakin nan Acampon, da sunan wani shugabansu na soja na shekarun 1970. Da rani yakan bushe ya kama wuta da sauri. Kowace sabuwar wuta tana kashe ƙarin itatuwa, ta ƙara wa haki fili. Tun daga 1983 wuta ta zama baƙuwar kowane rani a wuraren da da can ba su san ta ba.

A gefen arewa na kurmi, wajen garuruwan Wenchi da Techiman, manoma da yawa sun bar koko. Wa zai jira shekara 5 alhali wuta tana iya dawowa baɗi? Suka koma noman masara da doya, daga baya wasu suka dasa kashu. Masu son ci gaba da koko suka ƙaura yamma, ƙasar Sefwi, inda ruwa ya fi yawa. Dama an fara wannan ƙaura tun kafin gobarar, amma ta ƙaru bayanta. A can aka sare sabon kurmi domin buɗe gonaki. Ta haka wutar ta jawo asarar dajin da ko hayaƙinta bai kai ba.

Matakan da aka ɗauka

Tun cikin 1983 gwamnatin Gana ta kafa dokar hana sa wutar daji. A 1990 ta sake wata wadda ta fi ta ƙarfi. Sabuwar dokar ta ce a kafa ƙungiyar ƴan sa kai masu kashe wuta a garuruwa da ƙauyuka. Ma'aikatan kashe gobara ne suke horar da su. Su ne suke sintiri da rani, suke tsayawa idan manomi zai ƙona saransa.

An ƙara kuɗin da ake biyan manoman koko. An raba dashen sabon iri. Ƙungiyoyin samari, cikinsu har da waɗanda suka dawo daga Najeriya, sun taimaka wajen sake dasa gonakin da suka ƙone. A 1985 aka fara bikin ranar manoma, wanda aka saba yi a farkon watan Disamba, domin girmama masu ciyar da ƙasa. A gefen wasu gandun daji an dasa layukan itatuwa masu ɗanyen ganye duk shekara domin su tare wuta.

Duk da haka, sai a kakar 1988 zuwa 1989 koko ya koma wajen tan 300,000. A kakar 2010 zuwa 2011 ya wuce tan miliyan guda. Ƙasar ta farfaɗo, amma bayan dogon jira, kuma akwai yankunan da kokonsu da kurminsu ba su dawo ba.

Mu fa, a nan Nijar?

Ba mu da koko, amma muna da abin da ya yi kama da shi. Kiwo yana cikin manyan ginshiƙan arzikin ƙasarmu, kiwo kuwa ya dogara ga ciyawar daji. A yankunan Abalak, Cintabaraden, Bermo, Dakwaro, Tanut, Belbeji da Ingal, ciyawar da ta fito cikin wata 3 na damana ita ce bisashe suke ci har wata 9 na rani. Ita ce rumbun makiyayi, rumbun da ba shi da bango ko rufi. Kuma shekarar da ruwa ya yi kyau, ciyawa ta yi kauri, ita ce wuta ta fi yin ɓarna.

Ma'aikatan kiwo sun ce babbar saniya tana bukatar busasshiyar ciyawa kilo 6 da ɗoriya kowace rana. Cikin wata 9, wajen kilo 1,700 ke nan. Bari mu yi lissafi na misali. Eka guda fili ne mai mita 100 a tsawo, mita 100 a faɗi. A ce kowace eka tana da kilo 500 da dabba za ta iya ci. Idan wuta ta cinye fili mai kilomita 10 a tsawo da kilomita 10 a faɗi, eka 10,000 ke nan. An rasa kilo miliyan 5, abincin shanu kusan 3,000 na rani guda. Idan iska tana da ƙarfi, wuta ba ta daɗewa take cinye irin wannan fili.

Za a ce ai ciyawa tana sake fitowa da damana. Gaskiya ne, a nan ta yi kama da masara. Amma garke shi ne kokonmu. Idan shanu suka mutu da yunwa cikin bazara, ko aka sayar da su ramammu da araha, ba a mayar da su cikin shekara guda. Karsana takan kai wajen shekara 4 kafin haihuwar fari. Waɗanda suka ga farin 1984 sun san shekarun da garke yake ɗauka kafin ya koma yadda yake.

A nan ma asarar tana bin hannu da hannu. Nono ya ragu, yara su rasa abin sha, mata su rasa cinikin nono da man shanu. Dusa, harawa da kara su yi tsada. Dillali, mahauci da mai jima su rasa ciniki. Makiyaya su gangara kudu tun ba a gama kwashe amfanin gona ba, rigima ta tashi tsakaninsu da manoma. Wuta tana kashe ƙananan itatuwan dakwara masu ba da ƙaro, da aduwa da magariya. Ƙasar da ta zauna tsirara kuma iska takan kwashe ta.

Abin da ya kamata mu yi

Rigakafi ya fi magani. Ga abubuwan da suke hannunmu:

1. Mu share hanyoyin tare wuta da zarar ciyawa ta fara bushewa. Faɗinsu ya kai mita 15 zuwa 20, su gitta hanyar da iska take bi. Ciyawar da aka kwashe a adana ta, abincin dabbobi ce da bazara.

2. Kafin mu hura wutar shayi ko ta girki a daji, mu share wurin. Idan mun gama, mu rufe garwashin da ƙasa, mu tabbatar ya mutu kafin mu tashi.

3. Kada a jefar da guntun taba ko ashana cikin ciyawa. Kada a aiki yara ɗauko garwashi daga wani zango zuwa wani ranar da ake iska.

4. Mu share kewayen rumbuna da tarin kara. Kada mu tara harawa duka wuri guda.

5. Idan mun hangi hayaƙi, mu sanar da maigari da ma'aikatan gandun daji nan da nan. Dokar gandun daji ta 2004 ta tanadi hukunci ga mai sa wutar daji.

6. Wajen kashe wuta, kada a tsaya gabanta ta inda iska take tura ta. A bi ta gefe da baya. A rufe hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yara, mata masu ciki, tsofaffi da masu ciwon ƙirji su nisanci hayaƙi.

7. Wanda ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai sanyi har wajen minti 20. Kada a shafa mai, ƙwai, toka ko kashin shanu. A rufe da tsabtataccen ƙyalle, a kai shi likita.

Share hanyar tare wuta aikin ƴan kwanaki ne idan gari ya fito tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen Gana sun kafa ƙungiyoyinsu na ƴan sa kai bayan wuta ta riga ta ci. Mu muna da damar kafa namu tun ba ta ci ba. Muna kira ga sarakuna, masu gari, hardo-hardo da shugabannin ƙungiyoyin manoma da makiyaya, su zauna tun ƙarshen damana, su tsayar da wuraren da za a share da mutanen da za su yi sintiri. Allah ya kiyashe mu da gobara, ya albarkaci gonakinmu da garkunanmu.